Ƙungiyar da ba ta biyan haraji amma tana siyasa: fashin baƙi kan AFP da attajiran da ke bayanta

Ta yaya ƙungiyar da gwamnati ta ɗauke wa haraji za ta zuba miliyoyin daloli a harkar siyasa, kuma doka ba ta tilasta mata faɗin wanda ya ba ta kuɗin ba? Tambayar ta sake tasowa a watan Nuwamban 2023, lokacin da reshen zaɓe na ƙungiyar Americans for Prosperity, wadda ake taƙaita sunanta da AFP, ya goyi bayan Nikki Haley, tsohuwar gwamnar jihar South Carolina, a zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican a Amurka. Wasu sun ɗauka cin hanci ne a fili. Wasu sun ɗauka attajiran na ba da kuɗin ne don a rage musu haraji. Duka biyun ba haka suke ba, kuma yadda abin yake a zahiri ya fi waɗannan zato biyun ɗaure kai.

Asalin ƙungiyar

Charles Koch da ƙanensa David, wanda ya rasu a 2019, su ne suka gaji kamfanin mahaifinsu a birnin Wichita na jihar Kansas, suka mayar da shi ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Amurka da ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa. Matatun mai, bututun mai, takin zamani, sinadarai, takarda, duk suna ciki. Aƙidarsu ita ce gwamnati ta rage haraji, ta rage dokoki, ta cire hannu daga kasuwa.

Da farko ta ƙofar zaɓe suka gwada. A 1980 David ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a ƙaramar jam'iyyar Libertarian, suka tashi da kusan kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u. Daga nan suka sauya dabara: maimakon neman kujera, a gina cibiyoyin da za su riƙa juya masu kujerar. Dama Charles na cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta Cato a 1977. A 1984 suka kafa Citizens for a Sound Economy, wadda ta dare gida biyu a 2004. Ɗaya ɓangaren ya zama FreedomWorks, ɗayan kuma ya zama AFP, mai hedikwata a Arlington ta jihar Virginia da rassa a jihohi fiye da 30.

Me ake nufi da ɗauke haraji?

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Dokar harajin Amurka ta kasa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba gida-gida a ƙarƙashin sashe na 501(c), kuma kowane gida da abin da aka ba shi da abin da aka hana shi.

Gidan 501(c)(3) na ƙungiyoyin agaji ne, da masallatai da majami'u da jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ƙungiyar ba ta biyan harajin kuɗin shiga, sannan wanda ya ba ta gudummawa yana iya cire abin da ya bayar daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Saboda wannan gatan aka ɗaure mata hannu: tun 1954 an hana ta goyon baya ko adawa da ɗan takara kwata-kwata, kamun ƙafa a majalisa ma sai kaɗan.

Gidan 501(c)(4) na ƙungiyoyin da doka ta kira na kyautata jin daɗin jama'a ne. Ita ma ƙungiyar ba ta biyan haraji a kan gudummawar da ta tara, amma mai bayarwa ba ya samun rangwamen ko sisi. Abin da take samu a madadin haka shi ne sakin mara: kamun ƙafa a majalisa iya son ranta, da shiga harkar zaɓe muddin bai zama babban aikinta ba. A wannan gidan AFP take. Tana kuma da 'yar'uwa mai suna AFP Foundation a gidan (c)(3), wadda ke ɗaukar nauyin horo da wayar da kai.

Akwai gidan 501(c)(6) na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, wanda ƙa'idojinsa na siyasa suka yi kama da na (c)(4). Sai kuma abin da ake kira Super PAC, wanda shi kwamitin zaɓe ne tsantsa: yana karɓar kuɗi ba iyaka, yana kashewa ba iyaka, amma ba zai miƙa wa ɗan takara kuɗi ko ya tsara aiki tare da shi ba, kuma dole ya bayyana sunayen masu ba shi kuɗi ga hukumar zaɓe ta tarayya, FEC. AFP Action, da aka kafa a 2018, ita ce Super PAC ɗin gidan, kuma ita ce ta goyi bayan Haley.

To ke nan attajirin da ya ba AFP kuɗi ba rangwamen haraji ya saya ba. Sirri ya saya.

Kalma ɗaya da ta buɗe ƙofa

Dokar da majalisa ta rubuta ta ce ƙungiyar (c)(4) za ta yi aikin jin daɗin jama'a ne kaɗai. A 1959 ma'aikatar kuɗi ta fitar da ƙa'idar aiwatarwa da ta fassara "kaɗai" da "galibi". Ba a taɓa rubuta a doka kashi nawa ne galibi ba. Lauyoyin ƙungiyoyin sai suka yi wa kansu ma'auni: in abin da aka kashe a zaɓe bai kai rabin kasafin ƙungiya ba, an tsira. Shi ya sa za ka ji ana ambatar kashi 49 cikin 100.

Sauran rabin ma ba rijiyoyi ake haƙawa da shi ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1976 a shari'ar Buckley, an bambanta talla mai cewa ƙarara "zaɓi wane" ko "kayar da wane" da talla mai magana kan wani batu. Tallar da ta nuna hoton sanata, ta jero laifuffukansa, ta ƙare da "kira ofishinsa ka ce ya daina ƙara haraji", ana iya lissafa ta cikin wayar da kai. Duk mai kallo ya san inda aka dosa, amma kalmar zaɓe ba ta fito ba. Dokar 2002 ta ɗan toshe wannan kafa: in talla a rediyo ko talabijin ta ambaci ɗan takara cikin kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani ko kwana 60 kafin babban zaɓe, dole a kai rahoton kuɗinta. Amma wadda aka saka kafin wannan wa'adi, da yawancin tallar intanet, da bi gida-gida, duk ba su shiga ciki ba.

Sai aka zo 21 ga Janairun 2010. A shari'ar Citizens United, alƙalai 5 cikin 9 suka yanke cewa gwamnati ba za ta hana kamfanoni da ƙungiyoyi kashe kuɗinsu a tallar zaɓe ba, muddin ba tare da ɗan takarar suka tsara ba. Watanni biyu bayan haka wata kotun ɗaukaka ƙara ta share hanyar kafa Super PAC. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a wannan hukuncin na Citizens United alƙalai 8 cikin 9 sun amince cewa gwamnati na da ikon tilasta bayyana masu ba da kuɗi. Kotu ba ta haramta bayyanawa ba. Majalisa ce ba ta rubuta dokar da za ta kamo ƙungiyoyin (c)(4) ba.

Yadda kuɗin ke tafiya

Tun 2003 Charles Koch ke kiran taron attajirai masu ra'ayi irin nasa, yawanci sau biyu a shekara, a manyan wuraren shaƙatawa. Sharaɗin zama mamba shi ne alƙawarin aƙalla dala 100,000 a shekara. A taron ake gabatar da tsare-tsare, kowa ya yi alƙawarin abin da zai bayar. A Janairun 2015 aka sanar da mahalarta cewa burin shi ne kashe dala miliyan 889 cikin shekaru biyu, adadin da ya kusa kamo abin da kowace babbar jam'iyya ke kashewa. Don haka cewa "kuɗin gidan Koch ne" gajarta zance ne. Asusun haɗaka ne na ɗaruruwan attajirai, gidan Koch na riƙe da ragama.

Kuɗin ba ya tafiya kai tsaye. A zaɓen 2012 wata ƙungiyar (c)(6) mai suna Freedom Partners ce ta zama rumbu: ta tara kimanin dala miliyan 256, ta rarraba wajen miliyan 236 ga wasu ƙungiyoyi. A 2019 aka sake wa tsarin, wato haɗakar ƙungiyoyin gidan Koch, suna zuwa Stand Together. Amfanin wannan hawa-hawa a fili yake. Ɗan ƙasa da ya ba ɗan takarar tarayya kuɗi kai tsaye a zangon 2023 zuwa 2024 ba zai wuce dala 3,300 a kowane zaɓe ba, kuma da ya haura dala 200 sunansa da sana'arsa za su fito a shafin FEC. Wanda ya bi ta (c)(4) ko (c)(6) ba shi da iyaka, sunansa kuma ba ya fitowa.

Ko Super PAC ɗin da aka ce tana bayyana komai, bayyanawar tana da ƙarshe. A rahoton AFP Action na rabin farkon 2023, cikin fiye da dala miliyan 70 da ta tara, miliyan 25 daga kamfanin Koch suka fito, wanda kowa ya san mai shi. Wasu miliyan 25 kuma daga Stand Together Chamber of Commerce. Su wa suka ba wannan ƙungiyar? Nan sawu ya ɓace. Irin wannan ne Amurkawa ke kira kuɗin duhu.

Wani lokaci asiri na tonuwa. A 2012 dala miliyan 11 suka faɗo cikin yaƙin ƙuri'ar raba gardama a Kalifoniya daga wata ƙungiyar Arizona da ba wanda ya san ta. Da hukumar jihar ta matsa ta hanyar kotu, sai aka ga kuɗin sun taso daga wata ƙungiya a Virginia, suka ratsa ta Center to Protect Patient Rights, ita ma ta Arizona, wadda wani mashawarcin siyasa na kusa da tsarin Koch ke jagoranta, sannan suka isa ta ukun. A 2013 aka ci ƙungiyoyin Arizona biyun tarar dala miliyan 1. Tarar ta kafa tarihi a jihar, amma idan aka auna ta da kuɗin da aka motsa, kuɗin shayi ce.

Inda ainihin ribar haraji take

An ce mai bayarwa ba ya samun rangwame. Gaskiya ne ga mai ba da tsabar kuɗi. Ga mai ba da hannun jari, labari ya sha bamban.

A ce mutum ya kafa kamfani da dala miliyan 1, yau darajarsa ta kai miliyan 100. In ya sayar, gwamnatin tarayya za ta karɓi kashi 23.8 cikin 100 na ribar, wato wajen dala miliyan 23.6, kafin jiha ta karɓi nata. In kuwa ya miƙa hannun jarin ga ƙungiyar (c)(4), ita ta sayar, ba a biyan wannan harajin, domin shi bai sayar ba, ita kuma an ɗauke mata. Da can akwai fargabar harajin kyauta, wanda ke kaiwa kashi 40 cikin 100. A Disambar 2015 majalisa ta zartar da dokar da ta ce kyauta ga (c)(4) da (c)(5), gidan ƙungiyoyin ƙwadago, da (c)(6) ba ta da wannan harajin. Tun daga nan hanya ta buɗe.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Barre Seid, wani attajirin Chicago, wanda ya miƙa kamfaninsa na kayan lantarki, Tripp Lite, ga wata (c)(4) mai suna Marble Freedom Trust da Leonard Leo ke jagoranta. A 2021 aka sayar da kamfanin ga Eaton a kan dala biliyan 1.65. Leo shi ne mutumin da ya taka babbar rawa wajen zaƙulo alƙalan Kotun Ƙoli masu ra'ayin mazan jiya. Jama'a ba su ji labarin ba sai a Agustan 2022. Mujallar Forbes kuma ta ruwaito cewa a 2022 Charles Koch ya miƙa hannun jarin kamfaninsa na dala biliyan 4.3 ga wata (c)(4) mai suna Believe in People.

Ba masu ra'ayin mazan jiya kaɗai ke bin hanyar ba. A 2022 mai kamfanin tufafi na Patagonia ya miƙa kashi 98 cikin 100 na hannun jarinsa ga wata (c)(4) mai fafutukar kare muhalli. Sixteen Thirty Fund, da ke gefen jam'iyyar Democrat, ta kashe fiye da dala miliyan 400 a 2020, ita ma ba ta faɗi masu ba ta ba. Kowane ɓangare na la'antar kuɗin duhu da baki, yana karɓa da hannu.

Abin da kuɗin ke saya

Mai karatu zai iya tuno uban gida a siyasa, wanda ke ɗaukar nauyin ɗan takara ya jira sakayya. Kamar akwai, amma ba ta cika ba. Uban gida mutum yake saya. AFP ba ta ba ɗan takara ko kwabo. Abin da take ginawa shi ne rundunar da ba ta watsewa bayan zaɓe: daraktoci masu albashi a jihohi, 'yan sa-kai, da kamfanin tattara bayanai na i360 da ke riƙe da bayanan masu ƙuri'a. Ma'aikaci na fita da waya a hannu, manhaja na nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa da wadda zai wuce, ya shigar da amsar da aka ba shi nan take. Theda Skocpol ta jami'ar Harvard da abokin bincikenta Alexander Hertel-Fernandez sun kwatanta tsarin da jam'iyyar da ke tafiya a gefen Republican tana jan ta zuwa inda take so.

Ƙarfin wannan runduna ya fi fitowa wajen hana abu faruwa, musamman a jihohi inda idon 'yan jarida ke da ƙaranci. Dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010 ta tanadi faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, sai Kotun Ƙoli ta ce a 2012 kowace jiha ta zaɓa. A Tennessee gwamna Bill Haslam, ɗan Republican, ya kawo shirin da zai shigar da kimanin mutum 280,000. AFP ta yi tallar rediyo, ta cika zauren majalisar jihar da magoya baya cikin jajayen riguna. A Fabrairun 2015 shirin ya mutu a kwamitin majalisar dattawan jihar, bai ma kai zauren ba.

A birnin Nashville na jihar dai, a Mayun 2018, masu ƙuri'a suka yi watsi da shirin jiragen ƙasa na cikin gari da motocin bas na dala biliyan 5.4, da rinjayen kusan kashi 64 cikin 100, bayan AFP ta bi gida-gida tana nuna ƙarin harajin saye da shirin zai jawo. Sai dai adalci ne a faɗi cewa magajiyar garin da ta kawo shirin ta yi murabus kan wata badaƙala watanni biyu kafin ƙuri'ar, kuma a 2024 mutanen garin sun amince da wani shirin sufuri mafi sauƙi. Ba kowace nasara ce aikin kuɗi kaɗai ba.

A matakin tarayya, ƙungiyar ta tallafa wa guguwar Tea Party ta masu adawa da haraji da yawan kashe kuɗin gwamnati daga 2009, ta sa ɗaruruwan 'yan siyasa sa hannu kan alƙawarin ƙin harajin sauyin yanayi, ta kuma mara wa dokar 2017 da ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Masu suka na nuna cewa kamfanin da ke da matatun mai shi ne farkon mai cin moriyar irin waɗannan manufofi. Magoya baya na amsawa da cewa tsarin ya yaƙi tallafin gwamnati ga kamfanoni, ya kuma goyi bayan dokar sassauta hukuncin fursunoni ta 2018, wadda ba ribar mai a cikinta.

A zaɓen shugaban ƙasa kuwa, kuɗin bai cika cin nasara ba. An kashe maƙudan kuɗi a 2012, Obama ya zarce. A 2016 tsarin ya ƙi mara wa Trump baya, ya ci. Sun saɓa da shi kan harajin shigo da kaya da batun baƙin haure, jam'iyyar ta bi shi ta bar su. Haley ta sha kaye a jiharta ta South Carolina a Fabrairun 2024, washegari AFP Action ta dakatar da kashe kuɗi a kanta.

Hujjar masu kare sirri

Ba hujjar banza ba ce. A 1956 jihar Alabama ta nemi ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta miƙa sunayen mambobinta, a zamanin da fitowar suna ke iya jawo kora daga aiki ko ƙona gida. Kotun Ƙoli ta hana a 1958. A kan wannan tushe AFP Foundation ta kai ƙarar Kalifoniya, wadda ke neman kowace ƙungiyar agaji ta miƙa mata jerin manyan masu ba ta kuɗi. A shari'ar an nuna cewa jihar ta taɓa sakin kusan jerin sunaye 2,000 a intanet bisa kuskure, kuma magoya bayan ƙungiyar sun fuskanci barazana. A ranar 1 ga Yulin 2021 kotu ta ba AFP Foundation gaskiya da alƙalai 6 a kan 3. Cikin waɗanda suka mara mata baya a kotu har da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, da asusun shari'a na NAACP, da CAIR, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka, waɗanda ba sa ga maciji da ita a kusan komai. Musulmin da ke ba ƙungiyarsa dala 5,000 yana da dalilin ƙin ganin sunansa a hannun hukuma.

Raunin hujjar shi ne ta haɗa mai dala 5,000 da mai dala miliyan 500 a ma'auni ɗaya. Na farko kariya yake nema daga masu ƙarfi. Na biyu shi ne mai ƙarfin, kuma talakan Tennessee da ya rasa inshora ba shi da hanyar sanin wanda ya biya kuɗin tallar da ta kashe shirin.

Wa ke sa ido?

A takarda hukumomi biyu ne. FEC na da kujerun kwamishinoni 6, jam'iyya ɗaya ba ta wuce 3, kuma duk wani mataki sai da ƙuri'a 4, saboda haka manyan ƙorafe-ƙorafe kan tsaya a 3 da 3. Hukumar haraji ta IRS kuwa ta ƙone hannunta a 2013, lokacin da aka gano jami'anta na ware takardun ƙungiyoyi masu kalmar Tea Party a sunansu don ƙarin bincike. Abin ya ci kujerar shugabanninta, kuma tun ƙarshen 2015 majalisa ke saka sharaɗi a kasafin kuɗi da ke hana hukumar rubuta sabuwar ƙa'ida kan siyasar ƙungiyoyin (c)(4). A 2020 ma aka ɗauke musu wajibcin miƙa sunayen masu ba da dala 5,000 zuwa sama ga IRS ɗin kanta. Ƙudurin DISCLOSE, da zai tilasta bayyana manyan masu bayarwa, ya gaza samun ƙuri'a 60 da ake buƙata a Majalisar Dattawa a 2010 da ƙuri'a 59, ya sake faɗuwa a 2022 da 49 da 49.

Abin da ya rage wa ɗan jarida ko ɗan ƙasa shi ne takardar shekara-shekara mai lamba 990, wadda kowa ke iya nema. Tana nuna jimillar abin da ƙungiya ta samu, albashin shugabanninta, da ƙungiyoyin da ta ba tallafi, kuma ta wannan shafi na ƙarshe ne masu bincike ke haɗa sarƙar daga ɗaya ƙarshen. Wa'adin miƙa ta shi ne tsakiyar watan biyar bayan rufe shekarar kuɗi, ana kuma iya neman ƙarin wata shida, abin da manyan ƙungiyoyi suka saba yi. Don haka kuɗin da aka kashe a zaɓen Nuwamban 2024 sai a Nuwamban 2025 lissafinsu ke fitowa, waɗanda aka zaɓa sun kusa shekara a ofis, kuma babu sunan mai bayarwa ko ɗaya a ciki.